Iska Kafin Taki: Zaɓen Makwancin Saiwa da Ƙayyade Takin Zamani a Renon Dashen Furanni

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abubuwa biyu da mai renon furanni yake yanke shawara a kansu tun bai zuba iri ba, wato abin da zai cika mazubi da shi da kuma yawan takin da zai ba tsiron. An waiwayi haɗe-haɗen da masana suka tsara a Ingila da Amurka daga 1939 zuwa yau, sannan aka auna ƙa'idojinsu da kayan da ake samu a arewacin Nijeriya, irin su buntun shinkafa da yashi da kashin shanu. Matsayin maƙalar shi ne ba a ƙayyade taki sai an san makwanci da mazubi da ruwan ban-ruwa. Lissafin da aka yi ya nuna haɗin da aka saba da shi a gandayen reno ya fi jefa ƙananan dashe cikin ƙarancin iska da yawan gishiri fiye da yunwar taki.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi manyan titunan Kano ko Kaduna ko Abuja ya san gandayen reno na gefen hanya. Mai gandu yana zaune gaban tsibin baƙar ƙasa, ya yanke bakin ledar fiya-wata, ya huda gindinta da ƙusa, ya cika ta da ƙasar da aka cuɗa da kashin shanu, ya danna da babban yatsa, ya jera. Wannan haɗi ya daɗe yana raya mangwaro da darbejiya, domin ƙwallonsu yana ɗauke da guzurin da zai ciyar da tsiro makonni, saiwarsu kuma tana da ƙarfin huda ƙasa mai nauyi. Irin fetuniya kuwa kamar ƙura yake, giram ɗaya kan ƙunshi ƙwaya kusan 10,000. Ko marigol da ake ganin irinsa manya ne, wajen ƙwaya 300 ke cika giram. Saiwar farko da irin waɗannan ƙwayoyi ke fitarwa siririya ce ƙwarai, kuma abin da ta tarar a santimita biyun farko shi ke yanke mata hukunci.

1.1 Manufa

Manufar maƙalar ita ce fito da ma'aunan da za a bi wajen zaɓen makwanci da ƙayyade taki ga dashen furanni masu shekara ɗaya. An ɗauki uku a matsayin misali: marigol (Tagetes erecta), binka (Catharanthus roseus) da fetuniya (Petunia × hybrida). An zaɓe su ne saboda bukatunsu sun saɓa wa juna ta fuskar tsami, kamar yadda za a gani a 4.3.

1.2 Kalmomin Fannu

Makwanci: duk abin da aka cika mazubi da shi don saiwa ta zauna, ko da ƙasa a ciki ko babu. Sararin iska: kason makwanci da iska ke cikewa bayan an jiƙa shi sharkaf ruwan ya tsiyaye. Riƙon sinadari: ƙarfin makwanci na kama sinadaran abinci ya hana ruwa tafiya da su. Kanwar ruwa: yawan kabonet da baikabonet da ke narke cikin ruwan ban-ruwa. Alamar pH tana nuna tsami, alamar EC kuma tana nuna yawan gishirin da ya narke, kuma da milisimens a santimita ake ƙirga ta.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Tsararren nazari a kan makwanci ya faro ne daga asara. A kakar 1933 zuwa 1934, dashen furen Primula sinensis ya yi ta mutuwa a Cibiyar John Innes da ke Merton, Landan, inda ake amfani da shi wajen binciken gadon halitta. William Lawrence da John Newell suka shafe shekaru suna gwaji, suka wallafa sakamakon a 1939. Haɗin zuba iri da suka tsara shi ne kashi 2 na turararriyar ƙasa, kashi 1 na fit, kashi 1 na yashi. Fit ita ce ruɓaɓɓiyar gansakukar da ake haƙowa daga fadamun ƙasashen sanyi. Haɗin tukunya kuma 7 da 3 da 2 ne, a matakai uku da taki ke ƙaruwa daga na ɗaya zuwa na uku. Akwai wani abu a aikinsu da ba a cika ambata ba: a haɗin zuba iri ba su sa takin naitirojin ko kaɗan ba, takin sufa da garin farar ƙasa kawai suka zuba.

Raunin tsarin John Innes shi ne dogaro da ƙasa, ita kuwa ƙasar bana ba lalle ta yi daidai da ta baɗi ba. Wannan ya sa Baker (1957) da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya suka koma ga lallausan yashi da fit, suka kuma mayar da tsabtace makwanci ginshiƙin aiki. A shekarun 1960 Boodley da Sheldrake na Jami'ar Cornell suka fitar da yashin ma, suka haɗa fit da bamikulayit ko falayit, duwatsu biyu da ake gasawa su kumbura su yi sakayau. De Boodt da Verdonck (1972) a Beljiyam su ne suka sa wa makwanci adadi: jimillar gurabe kashi 85 cikin 100, sararin iska kashi 20 zuwa 30, ruwan da saiwa ke sha cikin sauƙi shi ma kashi 20 zuwa 30. Spomer (1974) ya bayyana yadda tsayin mazubi ke sarrafa rabon ruwa da iska, Styer da Koranski (1997) kuma suka tattara tsarin raba rayuwar dashe zuwa matakai huɗu, kowane da takinsa.

Waɗannan ayyuka duk a kan fit aka gina su. Fit tana da tsami sosai, pH ɗinta tsakanin 3.5 da 4.5, kuma kusan babu gishiri a cikinta, shi ya sa kowane haɗi na can yake zuwa da umarnin ƙara farar ƙasa. Fit ba ta samuwa a yankin sabana sai an shigo da ita. Ko a can ma ana ja da baya daga gare ta, domin kwantanta yana ƙaruwa ne da kusan milimita ɗaya a shekara, kuma gwamnatin Birtaniya ta sanar a 2022 da niyyar hana sayar da ita ga masu lambun gida a Ingila. Abin da za a ara daga waɗannan masana shi ne ma'auni. Jerin kayan haɗinsu na ƙasarsu ne.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na bita ne da lissafi. An ɗauko ma'aunan da aka wallafa, aka gwama su da sanannun siffofin kayan gida, sannan aka lissafa yawan sinadarin da takin kasuwa ke zubawa a mazubin da aka fi amfani da shi, wato ledar ruwa mai cin rabin lita, da jarka mai lita 20. An fifita gwaje-gwajen da mai gandu zai iya yi da hannunsa ba tare da ɗakin gwaji ba.

4.0 Nazari

4.1 Iska da Ruwa a Cikin Mazubi

A samo soson katifa mai faɗi, a tsoma shi a ruwa, a kwantar da shi a tafin hannu har ɗiga ta tsaya. A miƙe shi ta gefe, ruwa zai sake zuba. A tsayar da shi ta tsawo, wani ruwan zai ƙara fita. Soson bai sauya ba, tsayinsa ne ya sauya. Da wannan misali Spomer ya koyar da ɗalibansa, kuma shi ne gindin duk abin da ke biye. A ƙasan kowane mazubi akwai wani sashe da ruwa ke maƙalewa ya ƙi tsiyayewa, komai yawan hujin da aka yi. Kaurin wannan sashe ya danganta da laushin makwanci, ba ruwansa da girman mazubi. A doguwar tukunya ɗan yanki ne a gindi. A gurbin farantin reno mai ramuka 288 yana iya cinye yawancin wurin da saiwa za ta zauna. Aikin Fonteno a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa ya nuna haɗi guda na fit da bamikulayit yana ba da sararin iska kusan kashi 20 a tukunya mai faɗin santimita 15, amma ya faɗo kusan kashi 3 a irin wancan faranti.

Idan makwanci mai gurabe fiye da kashi 80 ya shiga wannan hali, ina ga ƙasar gona? Lita ɗaya ta busasshiyar ƙasa tana kai kilo 1.4, su kuwa ƙwayoyin ma'adinanta nauyinsu 2.65 ne a lita. Rabawa za ta nuna kusan kashi 53 daskararren abu ne, gurabe 47 kacal, yawancinsu ƙanana masu kama ruwa. A gona zurfin ƙasa yana janye ruwan ƙasa-ƙasa. A leda babu mai janye shi. Ga kuma dannawa da yatsa, wadda ke murƙushe manyan guraben da suka rage. Saiwar da ta rasa iskar oksijin takan daina shan ruwa, ganye ya yi yaushi, mai gandu ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Daga nan sai Pythium, ƙwayar cutar da ke iyo a ruwan da ya kwanta, ta kama gindin tsiro ya tsuke ya faɗi.

Maganin da aka saba kawowa shi ne a zuba yashi. Spomer ya nuna cewa ɗan yashi a cikin ƙasa mai laka rage gurabe yake yi, domin lakar tana cike tsakanin ƙwayoyin yashin, kamar yadda siminti ke yi a kwaɓi. Sai yashin ya rinjayi ƙasar ƙwarai, har ƙwayoyinsa sun jingina da juna laka ba ta isa cike tsakaninsu ba, kafin iska ta fara ƙaruwa. Rairayi mai laushi na jigawa ma bai shiga lissafin ba, yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa ake nufi. Zuba tsakuwa a gindin leda shi ma ba ya taimakawa, gajarta makwancin yake yi, jiƙaƙƙen sashen ya matso sama kusa da saiwa.

Ana iya auna sararin iska a gandu. A toshe hujin mazubin da za a yi aiki da shi, a san yawan ruwan da yake ci, a cika shi da makwanci mai ɗan danshi, a zuba ruwa a hankali har ya yi ƙyalli a sama, a bar shi ya jiƙa. Sai a buɗe hujin a tari abin da ya tsiyaye. Ruwan da ya fito, idan aka raba shi da girman mazubin, shi ne sararin iska. Ledar rabin lita da ta kasa fitar da mililita 50 ba ta kai kashi 10 ba, kuma bai kamata a zuba ƙaramin iri a cikinta ba.

4.2 Kayan Gida

Buntun shinkafa shi ne abin da ya fi kusa da falayit a hannunmu, ga shi jibge a bayan injinan casa na Kura da Argungu da sauran garuruwan shinkafa. Sinadarin silika da ke jikinsa yana hana shi saurin ruɓewa, siffarsa kuma tana buɗe gurabe. Michael Evans na Jami'ar Arkansas ya yi aiki mai yawa a kan buntun turararriyar shinkafa a madadin falayit. Turarawar tana da wata fa'ida, tana kashe ƙwayar shinkafa da irin ciyawar da suka saura, don haka buntun shinkafar da aka turara kafin casa ya fi ɗanyen. Aibinsa biyu ne, ba ya riƙe ruwa kuma ba ya riƙe sinadari. Wanda aka babbaka ya zama gawayi ya fi riƙon ruwa, sai dai yana ɗaga pH.

Dusar katako kuwa ana yawan ruɗuwa da ita saboda sauƙin samu. Kabon ɗinta ya ninka naitirojin sau ɗaruruwa, don haka ƙwayoyin da ke ruɓar da ita suna wawashe naitirojin ɗin da aka zuba wa tsiro, dashe ya yi rawaya ya tsaya cak. Sai ta ruɓe ta yi baƙi kafin ta cancanci shiga mazubi.

Garin ɓawon kwakwa, wanda ake shigowa da shi a dunƙule galibi daga Indiya da Siri Lanka, ya fi kowa kama da fit wajen riƙon ruwa da iska, kuma pH ɗinsa yana kusa da 6. Yakan zo da sodiyam da kuloraid da fotasiyam masu yawa, saboda haka a jiƙa shi a wanke sau biyu ko uku kafin aiki.

Kashin shanu da na kaji taki ne, kuma a matsayin taki ya kamata a lissafa su, ba a matsayin abin cika leda ba. Na kaji ya fi zafi, yana sakin amoniya mai ƙona saiwa. Hanyar gane ko taki ya nuna tana da sauƙi, kuma abin sha'awa, da shukar da Bahaushe ya sani ake yin ta. Zucconi da abokan aikinsa (1981) sun yi amfani da irin Lepidium sativum, wato lansir, saboda saurin tsirowarsa da rashin jurewarsa ga guba. A jiƙa taki a tace ruwansa, a ɗiga a kan takarda mai tsotsar ruwa, a jera irin lansir, a yi wani jerin da ruwa zalla. Bayan kwana biyu zuwa uku a gwama yawan tsiro da tsawon saiwa. Idan na ruwan takin ya gaza rabin ɗan'uwansa, takin bai nuna ba. Abin da ya haura kashi 80 ake ɗauka lafiyayye.

4.3 Tsami da Kanwa

A makwancin da ba ƙasa, pH da ake nema yana tsakanin 5.5 da 6.5. Amma furannin ba su da baki ɗaya. Argo da Fisher sun raba su gida-gida bisa yadda suke shan sinadarin ƙarfe. Fetuniya da binka ba su iya zaƙulo shi ba, suna son pH daga 5.4 zuwa kusan 6.2. Da ya haura, sabon ganye zai yi fari-fari jijiyoyinsa na kore. Binka ma tana da ƙarin haɗari, domin cutar baƙar ruɓewar saiwa ta Thielaviopsis ta fi ƙarfi inda pH ya yi sama. Marigol akasin haka yake, gwanin shan ƙarfe ne, yana son 6.0 zuwa 6.6. Idan tsami ya yi yawa yakan sha ƙarfe da manganis fiye da kima, tsofaffin ganyensa su yi ɗigo-ɗigo ruwan tagulla.

A nan ne bambancinmu da Turai ya fito fili. Su daga tsami suke tasowa suna neman hawa. Kayanmu kusan duka daga sama suke: ruɓaɓɓen kashin dabbobi yakan kai 7.5 ko ya wuce, gawayin buntu haka, toka kuwa ta zarce 10. Wanda ya kwafi haɗin littafi ya ƙara farar ƙasa a kan waɗannan ya ƙara wa Barno dawaki. Marigol zai iya haƙuri da haɗin gida, fetuniya da binka ne za su fara nuna alama, kuma abin da za a gani ya yi kama da yunwa, sai a ƙara taki alhali ƙarfen yana nan, pH ne ya ɗaure shi.

Ruwa ma yana da hannu. Ba pH ɗin ruwa ne abin dubawa ba, kanwarsa ce, domin kowane ban-ruwa da ruwa mai kanwa tamkar zuba ɗan garin farar ƙasa ne, kuma ƙaramin mazubi ba shi da ƙarfin turjewa. Jagororin reno suna son kada kanwar ta haura miligiram 100 a lita ga ƙananan dashe. Ruwan rijiya da na burtsatse sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa, don haka a auna. Ruwan sama da aka tara kusan babu kanwa a cikinsa.

4.4 Taki: Yaushe, kuma Nawa

Matakan huɗu su ne: daga zuba iri zuwa fitar saiwa; daga nan zuwa buɗewar ganyen iri; girman ganyen ainihi; sai ƙarfafawa kafin dashe. A mataki na ɗaya tsiro guzurinsa yake ci, gishiri a kusa da shi janye masa ruwa kawai yake yi. Lawrence da Newell sun gane haka tun 1939. A mataki na biyu ake fara ba da naitirojin miligiram 50 zuwa 75 a lita, sau ɗaya ko biyu a mako. A na uku a kai shi 100 zuwa 150. A na huɗu a rage, a kuma bar makwanci ya riƙa ɗan bushewa tsakanin ban-ruwa.

Ga yadda waɗannan adadi suke a jarka. Takin kamfa mai lamba 15-15-15 yana da naitirojin kashi 15, don haka miligiram 100 a lita na bukatar giram 0.67, wato kusan giram 13 a jarka mai lita 20. Mai lamba 20-10-10 giram 10 ne. Yuriya, mai kashi 46, giram 4.3 kacal.

Yanzu a gwama da barbaɗawa da hannu. Tsarin ɗan-taki da cibiyar ICRISAT ta yaɗa daga Sadore a Nijar yana ba ramin gero giram 6 na kamfa, cikin murfin kwalba, kuma a gona wannan ƙaramin abu ne. A zuba murfin nan a ledar rabin lita. Naitirojin ɗinsa miligiram 900 ne. Idan makwancin yana riƙe da ruwa mililita 200, kuma takin ya narke duka, saiwa tana zaune cikin miligiram 4,500 a lita, ninki 45 na abin da ake nema. Ko giram ɗaya tak, abin da yatsu biyu za su tsinto, zai ba da 750. Alamun da ke biyo baya sanannu ne: gefen ganye ya ƙone, saiwa ta koma ruwan ƙasa, farin gishiri ya fito a saman makwanci, tsiro ya yi yaushi da rana alhali ledar a jiƙe take. Saboda wannan lissafi, maƙalar tana ganin bai dace a barbaɗa takin ƙwaya a mazubin reno ba sam. A narka shi a auna.

Makwanci kuma shi ke faɗin inda za a tsaya a cikin waɗancan adadi. Haɗin buntu da yashi ba shi da riƙon sinadari, abin da aka zuba yau ruwan gobe zai wanke, don haka yana son taki kaɗan-kaɗan a kai a kai. Haɗin da ke da ruɓaɓɓen taki ya riga ya zo da kasonsa, ƙila ba ya bukatar komai sai ganyen ainihi na biyu ya fito. Haɗin da ɗanyar dusar katako ta shiga yana cin nasa kafin tsiro ya samu. Adadi ɗaya ba zai yi wa ukun daidai ba, kuma na'urar EC ta hannu ce ke raba gardama. A ɗebi awo ɗaya na makwanci, a zuba awo biyu na tataccen ruwa, a motsa, a bar shi rabin awa, a auna. Ta wannan hanya 0.26 zuwa 0.75 shi ne daidai ga dashe. Wanda ya bi hanyar zuba-ka-tara, wadda Wright ya tsara a Bajiniya a 1986, zai nemi 1.0 zuwa 2.6. Dole a faɗi hanyar da aka bi, in ba haka ba lambar ba ta da ma'ana. Idan awon ya haura, a yi ban-ruwa da ruwa zalla har ya zubo sosai ta ƙasa. A ban-ruwan yau da kullum ma a bar kashi 10 zuwa 20 ya fita.

4.5 Abin da ke Cikin Buhu

Lambobin buhu ba su faɗin komai game da nau'in sinadarin. Kamfa 20-10-10 da ta yaɗu ta shirin takin fadar shugaban ƙasa, wanda aka fara a ƙarshen 2016, gauraye ce ta yuriya da DAP da fotash mai kuloraid da ƙwayoyin farar ƙasa. Don masara da shinkafa aka tsara ta, kuma a can tana aikinta. A gandun reno sai an lura da abubuwa uku. Kowace ƙwaya a buhun sinadarinta daban, cokali ɗaya ba lalle ya wakilci buhu ba, don haka ya fi a narka rabin kilo a lita 10 a ajiye, a riƙa ɗiban mililita 200 ana cika jarka. Farar ƙasar ba ta narkewa, za ta kwanta, a tace a zubar. Na uku shi ne naitirojin ɗin duka yuriya ne da amoniyam, babu naitiret. Ƙwayoyin da ke juya amoniyam ya koma naitiret suna yin sanyin jiki idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 15, abin da daren hunturu ke kawowa a Kano da Zariya, balle Jos. A makwanci mai sanyi da jiƙa amoniyam kan taru, ganye ya nannaɗe, saiwa ta tsaya. A wannan lokaci a sauko ƙasan ma'auni, ko a haɗa da kalsiyam naitiret inda ake samunsa wajen masu kayan lambu.

Fosfaras ma yana bukatar kallo. Lambar tsakiya ta buhu ba fosfaras zalla ba ce, sai an ninka ta da 0.44. Kamfa 15-15-15 a miligiram 100 na naitirojin tana ba da fosfaras kusan 44, mai 20-10-10 kuma kusan 22. An daɗe ana ɗora laifin zanƙalewar dashe a kan amoniyam, har Nelson da abokan aikinsa a Karolina ta Arewa suka nuna fosfaras ne ya fi hannu a ciki. Dashen da ya yi tsawo ya yi siriri yana faɗuwa da an fitar da shi rana. Ta wannan fuska 20-10-10 ta fi 15-15-15 dacewa da reno, kuma ƙara sufa a kan haɗin da ke da kashin dabbobi ba shi da dalili.

4.6 Tsabtace Makwanci

Ƙasar fadama da ta juji suna zuwa da baƙi: aya-aya, kiri-kiri, tsutsar Meloidogyne mai sa saiwa ƙulli, da ƙwayoyin ruɓewar gindi. Tsarin Kalifoniya ya tanadi turarawa a digiri 82 na minti 30. Ga haɗin da ke da taki, wuce wannan yana da illa, domin yana kashe ƙwayoyin da ke sarrafa amoniyam ya kuma saki manganis. Digiri 60 zuwa 70 na minti 30 ya isa kashe yawancin masu cutarwa. Hanyar Katan ta 1976, wato lulluɓe jiƙaƙƙiyar ƙasa da farar leda a rana na mako huɗu zuwa shida, ta dace da bazarar Maris zuwa Mayu. A shimfiɗa makwancin da kaurin da bai wuce taƙi ɗaya ba, a kan leda, kada ya taɓa ƙasa.

4.7 Haɗin Farawa

Bisa abin da ya gabata, ga abin da maƙalar ke ba da shawarar a fara gwadawa, da awon mudu ba da nauyi ba. Don zuba iri a faranti: awo 3 na wankakken garin ɓawon kwakwa da awo 1 na buntun turararriyar shinkafa, ba taki, ba farar ƙasa. Don mayar da dashe cikin leda: awo 2 na garin kwakwa ko ruɓaɓɓen ganye da aka tankaɗe, awo 2 na buntu, awo 1 na kashin shanun da ya ci jarrabawar lansir. Kada takin dabba ya wuce kashi ɗaya cikin biyar. A jiƙa haɗin kafin cikawa har ya dunƙule a hannu ba tare da ya ɗiga ba, a buga gindin mazubi a ƙasa sau biyu ya zauna, kada a danna.

Marigol zai karɓi wannan haɗi yadda yake, ana ma iya musanya rabin buntun da na gawayi. Ga fetuniya da binka a bar gawayin, a rage kashin shanu zuwa rabin awo, a fifita ruwan sama. Irin fetuniya a saman makwanci ake ajiye shi ba a rufewa, domin yana son haske, kuma ta ƙasa ake shayar da farantin don kada ruwa ya kwashe shi. Binka a rufe ta da ɗan makwanci, tana son duhu da ɗumi na digiri 24 zuwa 26, don haka zuba ta a tsakiyar hunturu ba tare da rumfar leda ba asarar iri ce. Da ta tsiro kuma, a bar saman makwancin ya canza launi ya yi haske kafin a sake kawo mata ruwa.